Karanshaf da Shan Bugu, Turbo da Karɓar Tafi

Na ga bakinka. Tun daga sunan garin ka fara taɓe shi. Ka ce Toranke? Toranke ta Ajingi, can gaba da Gaya, inda in ka ƙara taku kaɗan sai ka ji kana gaisawa da mutanen Jigawa? Ka ce me ya haɗa Toranke da zancen inji mai ƙarfin doki dubu? Mutumin da ƙarar amalanken shanu ke tashinsa daga barci, shi zai koya maka zaɓen karanshaf?

To sannu, ɗan birni. Gyara zama, ka ajiye wayar nan tukuna.

In ka koma gida, tambayi kakanka wa ya kai wa Kano ƙira. Labarin da Kanawa ke bayarwa da bakinsu shi ne maƙera ne suka taso daga Gaya, suka sauka gindin Dala neman tama, kuma zuriyarsu ce ake kira Abagayawa. Masu tonon tarihi sun sami alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Watau tun ba a yi mafarkin Toyota ba mutanen yankinmu ke kokawa da ƙarfe suna kayar da shi. In dai maganar ƙarfe ce, ranka ya daɗe, kai ne baƙo. In kuwa Bazazzagi ne kai, zauna daga baya ka yi shiru, za a yi maka bayani a hankali in an tashi.

Ka ce ai ka san karanshaf? Madalla. Mene ne shi? "Wani ƙarfe ne a cikin inji." Allah ya ƙara basira. Shi ma cokali wani ƙarfe ne a cikin kwano.

Karanshaf shi ne lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke kwance can ƙasan inji, mai gwiwoyi kamar raƙumi ya durƙusa. Fistin ba su san komai ba sai sama da ƙasa, kamar taɓare a turmi. Taya kuwa ba ta cin daka, juyi take so. Karanshaf ne ke karɓar dakan ta hannun kwanrod ya mai da shi juyi, daidai yadda ƙafar tela ke hawa da sauka amma kan keken ɗinki na zagayawa. Dabarar ma ba ta Bature ba ce shi kaɗai: Isma'il al-Jazari ya zana irinta a injin jan ruwa cikin littafin da ya kammala a 1206, a garin da yau ake kira Diyarbakir a Turkiyya. Masu noman rani na bakin kogin Wudil, ku yi wa malamin addu'a.

Yanzu yi mini lissafi, tunda kai ne mai boko. Golf mai silinda huɗu tana tafiya allurar juyi na kan 3,000. Juyi 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane juyi fashewa biyu ne ke sauka a kan ƙarfen. Bugu 100 kafin ka gama cewa bismillah. Tafiyar awa guda, juyi 180,000 da bugu 360,000. Wane ɗan dambe ka sani da zai sha wannan ya dawo gobe da safe?

Amma wa ke yaba masa? Turbo ta yi fito, samari su yi ihu. Salansa ta yi ruri, a ɗaga waya ana ɗauka. Taya ta yi hayaƙi a wajen wasan motar biki, 'yan mata su rangaɗa guɗa. Shi kuwa bawan Allah yana can cikin duhu da zafi, yana wanka da baƙin mai, ba mai ko tambayar lafiyarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar da aka tuna da shi ita ce ranar da za a zage shi.

Wani ɗan yayata ne ya tayar mini da wannan magana. Ya zo hutu daga birni da Golf 3 da ya gada, da waya cike da bidiyon motocin Amurka da Japan da Dubai. Zai sa mata turbo. Na ce to. Ya ce amma abu na farko da zai saya shi ne karanshaf na musamman, wanda aka sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe, wanda kuɗinsa in aka haɗa da na jirgi da na kwastan zai sayi motar kanta da canji. Na ce don me? Ya ce, "Kawu, ai in doki ya yi yawa, shi ke fara karyewa."

Kai ma abin da ka ce ke nan, ko? Na ji ka tun daga nan. Ka ce ai hankali ma ya ba da: ƙarin ƙarfi, ƙarin karaya.

To zo mu je wajen gwarzon naku, injin da kuke wa kirari kamar ɗan gidanku. Toyota 2JZ-GTE, lita 3, silinda shida a jere, bulok na baƙin ƙarfe. Ya fara fitowa a 1991 cikin Aristo, ya shiga Supra a 1993, wani fim ɗin tseren motoci na 2001 ya mai da shi waliyyin samari. Kamfani ya rubuta masa doki 280 a Japan, 320 a Amurka. Masu gyara suka ninka, suka sake ninkawa, har ana kai shi wajen doki 1,000, dawakin da in aka jera su sai hawan sallar Gaya ya ji kunya. Kuma me suke canjawa kafin su isa can? Turbo, injekta, famfon fetur, ƙwaƙwalwar mota, fistin, kwanrod, kusoshi. Karanshaf fa? Da yawansu na kamfani suke bari a wurinsa. Shi ne na ƙarshe a layin masu kuka. Ƙanen wannan inji marar turbo yana nan cikin tsofaffin Lexus GS300 da ke yawo a titunan Kano, mai ita bai ma san da wa yake tafe ba.

Ka ce ai wannan Toyota ce, ba kowa ba ne Toyota? Na yarda. Ka ci ɗaya. Kada ka saba.

Tunda ka nace, bari mu shiga kasuwa. Karanshaf iri uku ne, kuma dukkansu muna da masu sana'arsu a nan karkara, sai dai ba sa sa farar riga.

Akwai na zubi. Ka taɓa tsayawa wajen masu tukunyar dalma? A narka, a zuba a ramin yashi da aka yi wa siffa, a bari ya huce, a fasa. Haka ake yin yawancin karanshaf na motocin yau da kullum, don ya fi sauri ya fi araha. Akwai na ƙira: a gasa ƙarfe ya yi ja, a danne shi cikin ma'auni da injin da nauyin bugunsa ya kai dubban tan, har ya ɗauki siffa. Wannan aikin maƙeri ne, masabar ce kawai ta girma. Sai na sassaƙa, wanda 'yan bidiyo ke kira bilet: a ɗauko dunƙulen ƙarfe mai tsabta, inji mai kwamfuta ya yi ta fere shi har abin da ake so ya fito, mafi yawan ƙarfen ya tafi a ɓawo. Masassaƙin turmi ke nan.

Ka ce to ai magana ta ƙare, na zubi tarkace ne, wa zai sa tukunya a inji? Kai, ji mutum! Tukunyar da ta ciyar da kai har ka yi gemu? Baƙin ƙarfen zubin da ake karanshaf da shi ba irin na tsohon dutsen guga ba ne mai fashewa in ya faɗi. Tun shekarun 1940 aka gano cewa in aka sa ɗan sinadarin maganiziyam a narkakken ƙarfe, gawayin da ke cikinsa sai ya dunƙule kamar ƙwayar gero maimakon ya baje kamar ɓawon albasa, ƙarfen ya sami juriya. Motocin hayar da ke kai ka Wudil ranar Juma'a, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, akuya a but, buhun wake a sama, da yawansu wannan "tukunyar" ce ke juya su shekara da shekaru. Ƙarin ƙarfi mai matsakaici ba ya ba shi tsoro.

Me ya sa na ƙira ya fi shi? Je ka gona ka duba ƙotar fartanya. Manomin kirki ba ya yarda da ƙotar da aka yanko lanƙwasarta daga miƙaƙƙen gungume. Reshe yake nema wanda Allah ya lanƙwasa da kansa, don zaren itacen ya bi gwiwar ya zagaya. Ƙarfe ma yana da zare. Ƙira tana tilasta zaren ya bi kowace gwiwa ta karanshaf, ta kuma matse 'yan kofofin iska da zubi kan bari. Shi ya sa masu neman ƙarfi sosai ke komawa ga ƙirarren ƙarfe, musamman mai lamba 4340. Lambar ba layar tsari ba ce: 43 na nufin an haɗa shi da nikel da kuromiyam da molibdinam, 40 kuma na nufin gawayin cikinsa kashi 0.40 cikin ɗari ne. Haddace, ka je ka burge kanikawa.

Ka ce to in haka ne na sassaƙa ya faɗi, tunda an yanke masa zare? A'a, sannu mai saurin yanke hukunci, ko alƙali yakan saurari ɓangare biyu. Bilet ana yin sa da ƙarfe mafi tsabta, kuma masassaƙi na iya ba shi duk siffar da injiniya ya ga dama ba sai an ƙera sabon ma'auni mai tsadar gaske ba. Amfaninsa ke nan: in abin da kake so babu shi a kasuwa, ko injinka na tsere ne zalla. Wanne ya fi ƙarfi tsakaninsa da ƙirarre, wannan gardama ce da su kansu masu sana'ar ba su gama ba, kamar gardamar tuwon dawa da na masara. Amma kada ka ɗauka tsada na sayen dawwama. Motocin tseren Top Fuel na Amurka suna fitar da doki wajen 11,000, su cinye mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, da karanshaf mafi tsada da kuɗi zai iya saya. Bayan kowane gudu ɗaya sai an warware injin an duba, kuma karanshaf ɗin gudu kaɗan yake yi a yi masa ritaya. Kai da kake so naka ya kai ka Kano ya dawo da kai har jikoki, ba sana'arku ɗaya ba.

Yanzu ga abin da na tara ku dominsa. Yawancin karanshaf ɗin da na gani a karye ko a ƙone, ba doki ne ya take su ba. Kashe su aka yi, kuma mai kisan yana cikin masu zaman makoki, ya fi kowa kuka.

Ka ce sharri nake yi? To bari a kira shaidu.

Yawanci ƙarfe ba ya karyewa da bugu ɗaya, gajiya yake yi. Ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya. Sau ɗaya ba komai, sau ashirin ta rabu biyu. Turawa ma da jini suka koyi wannan. A watan Mayun 1842 sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun jirgin ƙasa ta karye a hanyar Versailles zuwa Paris, mutane da dama suka hallaka. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya kwashe shekaru yana juya ƙarafa a injin gwaji, ya nuna cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe sau ɗaya ba yana iya karya shi in aka maimaita sau miliyoyi, kuma tsagar daga kusurwa mai kaifi take farawa. A karanshaf, wurin shi ne inda wuya ya haɗu da kafaɗa, ni hammata nake ce masa. Kamfani yakan yi wa hammatar nan kwana mai santsi, wani lokaci har a murje ta da ƙarfi don ta daɗa tauri. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shaida na farko, ƙafarka ta dama. Ka ce ai inji don a taka aka yi shi? Haka ne, shi ma jaki don kaya aka yi shi. Sai dai nauyin da fistin da kwanrod ke fizgar karanshaf da shi ba ya ƙaruwa daidai da juyi, ninkin-ba-ninkin yake yi. Ka ninka juyi sau biyu, fizga ta ninku sau huɗu. Daga 6,000 zuwa 8,000 kawai, ƙarin ya kusa kashi 80 cikin ɗari. Mai turbo da ya tsaya a juyi mai hankali ya fi tausayin ƙarfensa a kan yaron da ba shi da turbo amma yake kwantar da allura a ja yana zagaya filin biki don amarya ta gani. Amarya kuwa tana can tana gyara ɗaurin ɗankwali, ba ta ma kallo.

Kada direban haya ya yi dariya, shi ne na gaba. Wanda ya loda wa Golf kayan Kanta, ya shiga yashin hanyar ƙauye a giya ta huɗu wai yana tattalin mai, injin na kakkarwa yana tari, shi ma kisa yake yi, sai dai nasa a hankali ne. Juyi kaɗan, nauyi mai yawa, famfon mai bai tashi sosai ba, kowane bugu sai ya sauka a kan metal, shimfiɗar da wuyan karanshaf ke juyawa a kai, kamar guduma. In kuma ya jingine ƙafa a kan kuloci tun daga Gaya har Mariri, yana tura karanshaf gaba yana cinye ɗan metal ɗin da ke hana shi zamewa. Masu Mitsubishi 4G63 na tsakiyar shekarun 1990 sun sha kuka da wannan cuta ta karanshaf mai tafiya gaba da baya, kuma kuloci mai tauri na cikin waɗanda ake zargi.

Shaida na biyu ya fi kowa yawan gawa: baƙin mai. Ka ce ai kana zubawa? Me kake zubawa? A ina ka saya? Yaushe rabonka da juyewa? Ka ga ka fara sosa ƙeya.

Karanshaf mai lafiya ba ya taɓa metal in inji na aiki. Yana iyo ne a kan ɗan siririn mai da ke tsakaninsu, ratar da ba ta wuce kimanin milimita 0.05 ba, ko kaurin gashin kanka ba ta kai ba. Duk dawakin da kake taƙama da su a kan wannan fatar mai suke tsaye. Ta yanke na ɗan lokaci, ƙarfe ya goga ƙarfe, metal ya narke ya manne ya juya, wuyan karanshaf ya yi shuɗi, sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, a ce inji ya buga. Wa ya buga shi? Man da aka ɗura a tsohuwar jarka aka liƙa mata sabuwar takarda. Filtar mai ta bogi da cikinta bai fi rariya ba. Ƙurar hunturu da ka buɗe wa ƙofa ranar da ka cire filtar iska wai don inji ya yi numfashi. Numfashi kuwa ya yi, ya shaƙi rabin gonar maƙwabcinka, yashin ya bi mai ya zama sanfefa. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, turbo kuma ta zo ta ƙara wa man wuta ya tsinke kamar kunun marowaci. Mai wasan mota yana da nasa ƙarin: in ya daɗe yana juyi gefe guda, man ƙasan inji sai ya taru a bango ɗaya, famfo ya zuƙi iska. Nissan ma, da duk iliminsu, injin RB26 na farko-farkon Skyline R32 ya yi suna wajen fasa famfon mai saboda wurin da karanshaf ke kama famfon ya yi gajere. Ka ga ko a Japan ba ƙarfen ne ya fara kasawa ba, mai ba shi abinci ne.

Ka ce shi ya sa kake zuba mai kauri, mai kama da zuma? Kaurin ba shi ne albarka ba, Alhaji. Ratar da ke cikin injinka ita ke faɗin man da ya dace, kuma da sanyin asuba mai kaurin nan kafin ya iso metal an riga an yi ɓarna.

Shaida na uku yana tsaye a bakin titi da galan da mazurari. Ba na zagin 'yan bumburutu, sun fitar da ni kunya ba sau ɗaya ba. Amma motocin bidiyon nan fetur mai lambar oktan 98 ko fiye suke sha, wasu man tsere, wasu etanol. Kai kuma za ka danna wa silinda iska da turbo, ka ɗora mata man da ba ka san ko an yi masa tsarki da kananzir ba. Sai fetur ya daina ci a tsanake, ya riƙa fashewa da kansa, ka ji kamar tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ba kiɗa ba ce, guduma ce ke sauka a kan fistin, ta bi kwanrod, ta daki metal, ta ƙare a hammatar karanshaf. In a Fabrairun 2022 man da ya shigo ta tashar jirgin ruwa da takardunsa ya zo da metanol fiye da ƙima har ƙasa ta shiga layin mai, me kake tsammani daga jarkar da ba ta da ko suna? Haɗa da taimin da wani ya saita da kunne, shi ke nan, a fara haƙa kabari.

Akwai wani shaida da ba a cika kira ba, don shiru gare shi. Fulin gaban inji, wanda bel ke hawa. Duba shi da kyau, a motoci da yawa za ka ga zoben roba a tsakiyarsa. Ka ce roba ce kawai ta tsufa, a yi masa walda a huta, ko a sa na alminiyam marar nauyi mai sheƙi? Kash! Kowane bugu murɗa karanshaf yake yi kamar ana matse wanki, ya sake, ya murɗa, ya sake. A wani juyi na musamman murɗar nan takan haɗa baki da kaɗawar ƙarfen kansa, abin ya yi ta girma kamar lilo da ake turawa a kan kari. Zoben robar nan da nauyin da ke bayansa su ke shanye wannan. Inji mai silinda shida a jere, da yake karanshaf ɗinsa dogo ne, ya fi kowa buƙatarsa. Ka cire shi ka sami rabin doki, ka sayar da barga.

Daidaiton nauyi ma haka. Giram 10, nauyin dunƙulen magi biyu ko uku, in ya yi yawa a gefe ɗaya milimita 45 daga tsakiya, a juyi 6,000 ya zama fizgar kilo 18, tana zagayawa sau 100 a daƙiƙa. Sai ka haɗa fistin uku na gida ɗaya da na huɗu ɗan riƙo, ba ka auna ba, ka ce Allah ya kiyaye. Zai kiyaye, amma ai ya ba ka sikeli.

Mu koma hammata. In inji ya buga, akan kai karanshaf wajen masu yanka a rage wuyansa, a ce an kai shi goma, ko ashirin, ko talatin, watau milimita 0.25, 0.50, 0.75, a sa metal mai kauri daidai da haka. Ka ce yankakken karanshaf ya gama yawo? Ba gaskiya ba ne, ɗan abin da aka rage bai isa ya raunana shi ba. Ka ce to ashe ba matsala? Nan ma ka faɗi. Ina ruwanka da saurin amsa? Matsalar tana ga dutsen yankan. In mai aikin bai gyara bakin dutsensa ya yi kwana ba, sai ya share hammatar nan mai santsi ya bar kusurwa mai kaifi, daidai wurin da Wöhler ya yi gargaɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasu karanshaf kuma an turara su da naitirojin a tanda sun yi fata mai tauri wadda sau da yawa ba ta kai rabin milimita ba. Ka yanka da zurfi, ka feɗe fatar, ka bar tsoka. Ni kaina an taɓa yi mini haka a wani gareji da ba zan faɗi sunansa ba. Wata huɗu motar ta yi, ta raba ƙarfen biyu ana tsakiyar damina, ina tsaye cikin ruwa ina zagin kamfanin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da aka fito da guntayen, maƙerin unguwarmu ya juya ɗaya a hannu, ya nuna mini layi-layi a fuskar karayar kamar sawun ruwa a bakin rafi, ya ce, "Malam, wannan ya daɗe yana ciwo, yau dai ya cika." Bai taɓa jin sunan Bajamushen ba.

Ka ce to in ka shiga Ƙofar Ruwa, ko ka aika Ladipo a Legas, yaya za ka gane na kirki cikin tsibin 'yan Beljiyam? Yauwa, yau ka yi tambaya irin ta masu hankali, a rubuta ranar.

Duba layin da ya ratsa jikinsa inda ba a goge ba. Siriri kamar zare, na zubi ne. Mai faɗi kamar an shafa da yatsa, ƙirarre ne. Rataye shi ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: ƙirarre mai lafiya yakan yi amo mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta, na zubi amonsa gajere ne, mai tsaga kuwa sai ya amsa maka kamar wanda ka tasa daga barci. An ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, shi ya sa na ce ka tafi da guduma. Amma kunne ba ya ganin ƙaramar tsaga. Masu kayan aiki suna sa masa maganaɗisu su watsa garin ƙarfe, garin ya taru a kan tsagar. In babu, akwai tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa: wanke shi, jiƙa shi da kananzir da ɗan mai, goge tas, shafa garin alli, ka jira. Inda tsaga take, mai zai tsattsafo ya zana maka ita. Sannan a auna kowane wuya da maikuromita, ba da ido da "ai ya yi" ba, a ɗora shi a juya a ga ko ya lanƙwashe, a bi ramukan mai da buroshi har sai abin da ke fitowa ya yi fari.

Ka ce duk wannan wahala, ba gara ka sayi sabo ɗan kwali mai rubutun 4340 ba? Saya mana, kuɗinka ne. Rubutu dai ko a bayan tifa akwai shi. Shi ma sabon sai an auna shi, kuma in mai tsawon gwiwa ka ɗauko don ƙara wa inji lita, ka sani fistin zai ƙara gudu, haɗin wuya da wuya zai ragu, ka sayo sabuwar rigima da kuɗinka.

Abin da na gaya wa ɗan yayata ke nan, muna zaune a gindin darbejiya. Na ce in ƙari kaɗan kake so a motar da za ta kai ka makaranta, bar na kamfani, ka kashe kuɗin a kan mai na gaskiya, famfo, lagireto, metal, kusoshin kwanrod da wanda ya iya saita ƙwaƙwalwa. In ninkawa za ka yi, nemi ƙirarre, a auna shi tare da fistin da filawil da fuli. Bilet kuwa, bari sai ranar da ka sami filin tsere da mai ɗaukar nauyinka. Ya saurara da ladabi, ya ce, "Na gode, Kawu." Na san wannan godiyar. Irinta kake shirin yi mini yanzu.

Ya koma birni ya sa turbo ta hannu, ya sa fuli mai sheƙi, ya sha man galan a hanyar zuwa bikin abokinsa. Bilet ɗin ma bai kai ga tara kuɗinsa ba. Bayan sallah aka jawo Golf ɗin da igiya har ƙofar gida, karanshaf ya rabu biyu.

Ka ce ina karanshaf ɗin yake yanzu? Yana nan, zo ka gani. Mun kafa rabinsa a bayan gida, ya yi turke mai kyau. Ƙarfen da aka ce doki ɗari biyu sun fi ƙarfinsa, ga shi yana riƙe da jaki ɗaya, kuma har yau jakin bai ƙwace ba. Ɗaya rabin maƙeri ya karɓa. In za ka zo, taho da naka, akwai tinkiyar da ba ta da wurin ɗauri.